Sharhi kan zanen salsalar gidan Spencer da na saya

Na sayi wannan zanen salsala ta intanet ne saboda sha'awar da nake da ita ga tarihin manyan gidajen Ingila, musamman gidan Spencer da marigayiya Gimbiya Diana ta fito daga cikinsa. Takarda ce babba mai kauri, ta iso a naɗe ba ko lanƙwasa, rubutun kuma ya fito raɗau. Na ji daɗin ganin an fara da Sir John Spencer, wanda ya yi arziki da kiwon tumaki har ya sayi Althorp, gandun da ya zama mazaunin gidan, a 1508, domin ba a ɓoye cewa dukiyar gidan daga garke ta fito ba.

Murnata ta koma ciki lokacin da na bi layin da yatsa zuwa inda zuri'ar ta rabu gida biyu, wanda shi ne ainihin abin da ya sa na ba da kuɗina. Charles Spencer, Earl na 3 na Sunderland, ya auri Anne Churchill, 'yar Duke na farko na Marlborough, kuma daga 'ya'yansu biyu rassan suka fito. Wan, Charles, ya gaji sarautar Marlborough a 1733, ƙanin kuwa, John, shi ya samu Althorp, ɗansa ne kuma aka naɗa Earl Spencer na farko a 1765. Winston Churchill, da aka haifa a fadar Blenheim a 1874, jikan Duke na 7 na Marlborough ne, wato daga tsatson wan yake, alhali Diana, da aka haifa a 1961, 'yar Earl Spencer na 8 ce daga tsatson ƙanin. Amma mai zanen nan sai ya jawo jan layi ya rataya Churchill a ƙarƙashin reshen Althorp, ya raba shi da kakanninsa na gaskiya. Duk wanda ya san nauyin nasaba ya san cewa ba ƙaramin abu ba ne a sauya wa mutum kaka.

Na rubuta wa mai shagon na nuna masa wurin dalla-dalla. Ya amsa da ladabi, amma hujjarsa ita ce fili ne ya yi ƙaranci a gefen takardar, sannan ya yi mini tayin rangwame idan zan sayi wani zanen. Wannan amsa ta fi kuskuren ɓata mini rai, domin ta nuna da saninsa aka yi.

Bayan na huce na so in yi masa sassauci, tunda ya ajiye Georgiana, wadda ta auri Duke na Devonshire, daidai a matsayinta na 'yar Earl na farko, shekarun Diana da na ƙaninta Charles, Earl na 9, su ma babu kuskure. Sai na lura ko kaɗan bai ambaci 1817 ba, shekarar da reshen Marlborough ya ƙara sunan Churchill a kan Spencer, ga shi kuma ba tare da ita ba mai karatu ba zai fahimci yadda sunayen biyu suka haɗu ba. Mai neman adon bango zai iya saya, amma ba zan ba ɗalibin tarihi shawarar ya dogara da shi ba har sai an gyara layin nan.