Sharhi Kan Wata Cibiyar Karɓar Roba Da Aikin Gayyarta A Bakin Tafkin Jabi

Akwai wata ƙaramar cibiya da wasu matasa suke gudanarwa a yankin Jabi da ke Abuja, wadda take yin hidima iri biyu. Tana karɓar robar da aka gama amfani da ita daga gidaje da shaguna, ta auna ta biya, sannan tana shirya aikin gayya na 'yan sa-kai domin kwashe sharar da ke taruwa a bakin Tafkin Jabi. Na daɗe ina ba su robar gidanmu, na kuma fita aikin gayyar tare da su rani da damina, saboda haka na ga ya dace in bayyana wa mai sha'awar shiga abin da zai tarar.

Ranar Asabar da sassafe ake haɗuwa, kafin rana ta yi zafi. Ana ba kowa safar hannu da buhu biyu, ɗaya na gorunan roba ɗaya na sauran tarkace, a raba jama'a rukuni-rukuni, kowane rukuni da manjagara da baro da wanda zai jagorance shi. Abin da ya fi burge ni shi ne ba a watsewa sai an ɗaure buhunan, an auna su, an loda su a mota an tafi da su a ranar. Duk wanda ya saba ganin irin wannan aiki ya san yadda sau da yawa ake tara sharar a gefen hanya, a ɗauki hoto, kowa ya kama gabansa, ruwan sama ya zo da dare ya mayar da ita inda aka kwaso ta. Waɗannan matasa ba sa yin haka, kuma a kan wannan kaɗai sun cancanci yabo.

Daga nesa bakin tafkin yana kama da wuri mai tsabta, musamman ɓangaren da jama'a ke zuwa motsa jiki da shan iska. Sai mutum ya sunkuya cikin ciyawar da ke bakin ruwa sannan yake ganin gaskiyar lamarin. Gorunan ruwa da na lemo suna saman ruwa, ɗaukarsu ba wuya. Ƙarƙashinsu kuwa ledar fiya wata ce a binne cikin taɓo, wata kan wata, wadda rana da ruwa suka riga suka cinye ƙarfinta, da ka ja sai ta yage a hannunka, rabi ya biyo ka rabi ya zauna a ƙasa. Farin kwanon soso da ake zuba abincin sayarwa ya fi ta muni, domin shi marmashewa yake yi ya zama ƙananan ƙwayoyi waɗanda babu manjagarar da za ta iya tattara su.

Tafkin Jabi haƙa shi aka yi ta hanyar datse ruwa, kuma magudanan unguwannin da ke kewaye suna zubo masa abin da suka ɗauko. Galibin ruwan da ke fita daga Abuja yana gangarawa ta Kogin Usuma zuwa Gurara, Gurara ya zuba a Neja, Neja kuma ya ƙare a Tekun Atlantika. Wani bincike da masana a Jamus suka fitar a shekarar 2017 ya sanya Neja cikin koguna goma na duniya da suka fi kai roba teku. Ke nan ledar da aka jefa a kwata a Utako tana iya zama cikin abin da 'yan sa-kai ke tsinta a gaɓar teku a kudancin ƙasar nan. Gangamin share gaɓar teku da ya yi suna a duniya a jihar Texas ta Amurka ya faro a 1986, yanzu kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 20 ga Satumba a matsayin ranar tsabtace muhalli ta duniya, kuma a watan Satumba cibiyar take yin fitarta mafi girma.

Duk da haka, a ganina karɓar roba a gidaje ita ce ƙashin bayan hidimar, domin ita ce ke tare robar tun kafin ta faɗa kwata. Mutum yana yin rajista ta waya, su ba shi babban buhu, idan ya cika ya sanar da su ta WhatsApp su turo keke mai ƙafa uku da sikeli. A gabanka ake aunawa, a rubuta nauyin, a biya ka a hannu ko a tura maka ta banki. Sun koya mana duba lambar da ke cikin ɗan alwatika a gindin roba: lamba 1 ita ce gorar ruwa da ta lemo, lamba 2 kuma irin jarka da robar sabulun ruwa, kowace farashinta daban. Wata dattijuwa da ke aikin tantancewa a harabarsu ta taɓa ɗaga wata gora daga buhuna ta ce, "Ɗana, ka riƙa cire murfin kana taka ta da ƙafa, in ba haka ba iska kake kawo mana." Na ce, "To, Baba, an gode." Daga nan na fahimci dalilin da ya sa kuɗin bai taka kara ya karya ba. Gora ba ta da nauyi, buhu guda maƙil kilo kaɗan yake bayarwa, kuma sai an matse ta dami-dami a inji kafin masana'antun da ke niƙa ta su wanke su mayar da ita zare ko sabuwar gora su saya. Wanda ya shiga don neman riba zai yi saurin gajiya. Na kuma ji daɗin ganin suna saye daga hannun 'yan bola da sikeli ɗaya da farashi ɗaya, domin su ne suka daɗe suna wannan aiki cikin rana ba tare da kowa ya gode musu ba.

Babban ƙorafina shi ne cibiyar ba ta karɓar ledar fiya wata da kwanon soso daga gidaje, alhali su ne suka fi yawa a cikin taɓon tafkin. Hujjarsu ita ce ledar ba ta da nauyi, tana zuwa da datti, kuɗin ɗaukarta ya fi abin da za a samu a kanta, kwanon soso kuwa babu mai sayensa. Hujjar gaskiya ce, amma sakamakonta shi ne abin da 'yan sa-kai suka sha wahalar tonowa yana ƙarewa a jujin Gosa, wanda ke gidaje kuma yana ci gaba da bin kwata. Akwai masu narka irin wannan leda su gauraya da yashi su buga tubalin shimfiɗa tsakar gida, kuma ina ganin ya kamata cibiyar ta nemi haɗa kai da su ko da ba za ta biya mai kawowa ko sisi ba. Na tabbata gidaje da yawa za su tara ta kyauta. Batun kwanon soso ya fi ƙarfin cibiya ɗaya. Jihar Legas ta haramta shi a Janairun 2024, gwamnatin tarayya kuma ta sanar da hana amfani da robar da ake jefarwa bayan amfani ɗaya a ma'aikatunta a watan Yunin 2024, amma a kasuwannin Wuse da Utako har yau ana sayar da shi dami-dami.

Akwai kuma gazawar da gyaranta ba wuya. Da damina keken ɗaukar kaya yana yawan saɓa alkawari, buhu ya kwana a ƙofar gida har maƙwabta su fara magana. Safar hannun da ake rabawa siririya ce, ga fasassun kwalabe da gwangwani masu tsatsa a cikin ciyawa, kuma ban ga akwatin magani a wurin ba ranar da wani matashi ya yanke a tafin hannu. Hidimar ɗaukar kaya ba ta kai Kubwa da Nyanya da Lugbe ba, inda jama'a suka fi yawa kuma fiya wata ta fi tashi.

Ga mazaunin Jabi ko Utako ko Life Camp, musamman mai shago ko gidan abinci da ke tara goruna da yawa, ina ba da shawarar ya yi rajista, ya kuma fita aikin gayyar ko da sau ɗaya. Ya zo da takalmin roba mai tsawo da safar hannu mai kauri tasa ta kansa, ya zo da ruwan sha a gorar da zai koma da ita gida. Idan da yara zai zo, ya bar su a wurin tantancewa da ɗaure buhu, kada su shiga cikin ciyawar bakin ruwa.