Daga hoto zuwa bidiyo: abin da za ka saya da abin da zai iya jira

Masu ɗaukar hoto da yawa sun ajiye kyamara ba don sun daina sonta ba. Wani rashi aka yi masa, wani jinya ce ta kwantar da shi, wani kuma aikin ne ya cinye shi har ya wayi gari ko jakar kayan ba ya son buɗewa. Idan sha'awar aiki ta fara motsawa irin wannan mutum, sau da yawa ta ƙofar bidiyo take dawowa. Hoto ya riga ya zama abin da hannunsa ke yi ko zuciya ba ta wurin. Bidiyo kuwa yana mayar da shi ɗan koyo: dole ya tsaya, ya saurara, ya jira mutum ya kai ƙarshen maganarsa, sannan ya zauna yana jera abin da ya ɗauko. Wannan natsuwar tana yi wa wanda hankalinsa ya daɗe a tashe amfani ƙwarai.

Shi ya sa duk kayan da zan ambata, tambaya ɗaya nake fara yi a kansu kafin in duba ƙarfinsu: ranar da ka tashi jiki ba ƙwari, za ka iya ɗaukar wannan abin ka fita da shi? Kyamarar da sai an ɗaura mata keji, an jona batir na waje, an kafa allo na daban kafin ta fara aiki, a jaka za ta kwana a irin wannan ranar, komai kyan hotonta.

Fara da duba wadda ke hannunka. Tun 2008, lokacin da Nikon D90 da Canon 5D Mark II suka shigo da bidiyo cikin manyan kyamarorin hoto, da wuya ka samu wadda ba ta ɗaukarsa. Ka duba ko tana da ramin jona makirfo, ko tana barinka ka saita haske da hannu yayin ɗauka, da yadda take riƙe fokas idan mutum ya motsa. Tsofaffin DSLR, wato manyan kyamarori masu madubi a ciki, a nan suke kasawa: fokas ya yi ta kai-kawo yana neman fuska, in ban da na Canon masu Dual Pixel, wanda ya fara da 70D a 2013. Yawancinsu kuma suna yanke ɗauka a minti 29 da daƙiƙa 59, saboda wata dokar harajin Turai ta lokacin. Idan taka tana da ramin makirfo kuma tana ɗaukar 1080p mai tsabta, shawarata ka yi gajerun ayyukanka na farko da ita. Su ne za su nuna maka abin da ka rasa na gaskiya.

In kuma saye ya zama dole, lensinka ne ke da ta cewa. Sauya kamfani yana nufin sake tara lensi daga farko, ga koyon sabon menu a lokacin da kanka ba ya son hayaniya.

Mai Sony yana da zaɓi da yawa. A7 III ta 2018 har yanzu tana aiki, fokas ɗinta abin dogaro ne, batirinta na daɗewa, sai dai launinta a 8-bit ya tsaya (bayaninsa yana gaba). A7 IV ta 2021 ta gyara wannan, tana ba da 10-bit da megafiksel 33 na hoto, amma idan ka ɗauki 4K a firam 60 tana matse hoton, lensin da ka sani da faɗi sai ya koma ƙunci. FX30 ta 2022 don bidiyo aka gina ta, har da fanka a ciki, amma ba ta da madubin leƙe na ido, kuma ba ta da shota irin ta kyamarar hoto. Wanda har yanzu yake ci da hoto zai ji wannan rashin tun makon farko. Ga wanda zai riƙe sana'o'in biyu a jiki ɗaya, A7 IV ta fi dacewa.

Panasonic GH5 ta 2017 ita ce ta ja ra'ayin masu bidiyo da yawa: 10-bit a cikin kati, babu iyakar minti 30, tana rage girgizar hannu sosai, lensinta ƙanana marasa nauyi. Rauninta fokas ne. Za ka ga bayan mutum yana ɗan bugawa, yana shiga yana fita, ko da mutumin a zaune yake. Idan ka iya juya fokas da hannu, ta hannu ma za ta yi maka shekaru. Idan kai kaɗai za ka riƙa aiki, kana tambaya kana ɗauka, S5 II ta 2023 ta fi, domin a kanta kamfanin ya sauya tsarin fokas, kuma ita ma tana da fanka.

A ɓangaren Canon, R5 da R6 na 2020 sun sha suka kan ɗaukar zafi idan ɗauka ta yi tsawo. R6 Mark II ta 2022 ta rage matsalar kuma ta cire iyakar minti 30. Tsofaffin lensin EF suna aiki lafiya a kanta da adafta, wanda babban sauƙi ne ga mai su. Fujifilm kuwa, irin X-S20, abin da nake so da ita rashin nauyi da launukan da take fitarwa a gyare tun daga kyamara. Wannan yana rage zaman gaban kwamfuta, kuma ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ƙarfinsa ke zuwa yana tafiya.

Blackmagic Pocket 4K ta 2018 tana ba da hoto mai kamar na silima, kuma sabuwarta tana zuwa da lasisin manhajar tace bidiyo ta DaVinci Resolve Studio. Amma ba ta bin fuska da fokas, ba ta rage girgiza, tana shan batir, kuma ba kyamarar hoto ba ce. Ina ganin girmanta, amma ba zan ba wanda ke farfaɗowa shawarar ya fara da ita ba.

Batun 8-bit da 10-bit ya cancanci a tsaya a kansa, don a nan ake ruɗa mutane. A 8-bit kowane launi na asali yana da mataki 256, jimilla launuka kusan miliyan 16.7. A 10-bit matakan 1024 ne, launukan sun haura biliyan ɗaya. Inda za ka ga bambancin da idonka shi ne sararin sama da yamma, ko bango mai launi ɗaya: idan ka ja launin 8-bit da ƙarfi wajen tacewa, maimakon ya sauka sumul sai ya karkasu layi-layi kamar matakalar bene. Kai da ka saba da RAW, ka ɗauki bidiyon 8-bit a matsayin JPEG: daidaita haske da farin launi tun wajen ɗauka, kar ka bari sai daga baya. Yin hakan ya wadatar ga yawancin aikin da za a sa a intanet. Ɗaukar log, wadda ke fitowa fari-fat sai an gyara, ta jira sai hannunka ya faɗa.

Kuɗin farko da za ka kashe, a ganina, na sauti ne. Mutane na haƙuri da hoto mai ɗan duhu, amma ba sa haƙuri da muryar da ba sa ji. Makirfon da ake ɗorawa a kan kyamara, irin Rode VideoMic, yana da sauƙi, amma idan mai magana ya yi nisan mita biyu za ka ji amon ɗaki da ƙugin fanka sun shiga tsakaninku. Ƙaramin makirfon kwala, wanda ake maƙalawa kamar taƙi ɗaya ƙasa da haɓa, yana kawo muryar kusa har ka ji numfashin da mutum ya ja kafin ya faɗi abin da ke masa nauyi. Marasa waya irin Rode Wireless GO da DJI Mic sun sauƙaƙa wannan. Idan hira za ka fi yi, ko kai za ka yi magana da bakinka kan abin da ka shiga, na kwala za ka saya. Idan sautin wuri kake so, ruwan sama, takun ƙafa, kukan tsuntsaye, ƙaramar rikoda irin Zoom H1n ta fi. Ko wanne ka zaɓa, sa abin ji a kunne yayin ɗauka, kuma ka tabbata kyamarar na da ramin jona shi.

Wani abu da ke ba mai hoto mamaki shi ne ba shi da 'yancin ƙara saurin shota yadda ya saba. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce ninka adadin firam: a firam 25 shota ta tsaya a 1/50, a firam 30 kuma 1/60, don motsi ya yi laushi. Da rana tsaka wannan saurin zai cika hoton da haske, sai da filtar ND mai rage shi. Sayi mai juyawa guda ɗaya daidai bakin lensinka mafi faɗi, ka haɗa da zoben da zai sa ta hau ƙananan. Inda wutar lantarki ke tafiya a kan 50Hz ka ɗauka a firam 25 ko 50, inda take 60Hz kuma 30 ko 60, in ba haka ba fitilu za su riƙa ƙyafƙyafta a bidiyon.

Gimbal, wato mariƙin da ke hana kyamara girgiza yayin tafiya, ya jira. Yana da nauyi, sai an daidaita shi duk lokacin da aka sauya lensi, kuma yana jan mutum ya yi ta yawo da kyamara ba dalili. Ƙafa uku mai kan da ke juyawa a hankali ta fi shi amfani ga mai idon hoto, don tsara firam shi ne ƙarfinka tun asali.

Ajiya kuma lissafi ce. Bidiyo mai megabit 100 a daƙiƙa yana cin kusan gigabait 45 a awa, katin ajiya mai alamar sauri V30 ya ishe shi. Mai megabit 400 yana cin 180, yana buƙatar V60. Ka tanadi SSD na aiki da wata ma'ajiya ta biyu ta kwafi. Wajen tacewa, DaVinci Resolve yana da na kyauta mai ƙarfi, sai dai yana son kwamfuta mai ƙwari. Premiere Pro biyan wata-wata ne, wanda ke iya zama nauyi a zuciya a watannin da ba ka taɓa shi ba. Final Cut Pro na masu Mac da iPad ne kawai. CapCut ya isa gajerun bidiyo. Kafin ka sayi kyamara mai 10-bit, nemo samfurin fayil ɗinta ka gwada a kwamfutarka, don wasu fayilolin H.265 suna sa ta yi ta sarƙewa.

Kar ka ci bashi don wannan. Saye yana kawo daɗi na kwana kaɗan, bashin kuma ya mayar da abin da ka ɗauka don samun sauƙi ya zama wani abin da ke hana ka barci. Idan kuma damuwar ta kai ba ka iya ci, ba ka iya barci, ko kana tunanin cutar da kanka, ka ga likita ko ƙwararren mai ba da shawara. Aikin kyamara yana tafiya tare da magani, ba ya maye gurbinsa.

Idan kyamara ta hannu za ka saya, kar ka tsaya a duba adadin shota kamar yadda masu hoto suka saba, don bidiyo ba ya ƙara wannan adadin sosai, kyamarar da ta sha aiki tana iya nuna kaɗan. Sa katinka, ɗauki 4K na rabin awa ba tsayawa ka ga ko alamar zafi za ta fito. Jona makirfo ka ɗan girgiza wayar kana saurare, don ramin da ya saki yana ƙara. Gwada ramin HDMI, sannan ka rufe lensi ka ɗauki baƙin allo a ISO mai yawa, ka duba ko akwai ɗigon haske da ya tsaya wuri ɗaya.