Wajen horon boksin na Yelwa, inda na kai ƙanena bayan an sumar da shi

Masu ta tambayata a WhatsApp kan wajen horon damben boksin ɗin nan na wajen Yelwa a nan Bauchi, ga amsarku gaba ɗaya. Wajen ya yi, amma fa ba don kayan aiki ba, kayan kam sai a hankali. Kocin ne ya sa nake yabon wajen.

Ƙanena ne ya haɗa ni da su. Yaron da gargajiya ya fara, yana ɗaura zare ana mishi kirari, daga baya ya koma na safar hannu kuma bai taɓa zuwa ƙasa ba, sai a wata gasa aka shammace shi da hagu a haɓa ya faɗi sumamme. Jiki ya warware amma yaro ya zama wani daban, ko hannu ka ɗaga za ka gyara hula sai ka ga ya runtse ido ya ja da baya, haɓa a sama, wanda kuma duk mai kallon dambe ya san wannan ita ce tsayuwar da ake sake kashe mutum a cikinta.

Ranar da muka je ko kuɗin rajista kocin bai karɓa ba. Dattijo ne mai furfura, ba ya da yawan magana. Ya zaunar da yaron a benci yana tambaya, ka suma ko jiri ne kawai, ka yi amai, kai na sara maka, hasken rana na damunka, ka tuna yadda aka yi ka faɗi? Yaron ya ce shi dai ya tuna shigarshi fili sai kuma ya ganshi ana zuba mishi ruwa. Nan take ya ce "Ɗana, asibiti za ka fara zuwa, ni ba likita ba ne." Da muka dawo da takarda ya ce a dokar boksin na masu tasowa wanda aka yi wa bugun kwaf ɗaya sai ya huta aƙalla kwana 30, in kuwa har ya suma to kwana 90 ne ko fiye, kuma shi a wajenshi ko damben gwaji babu. Ƙanena ya cika ya yi fam, don abokanshi na ta zuga shi wai namiji washegari yake komawa fage ya rama.

Bayanin da ya mana shi ne ya fi zauna min. Ba ƙashin haɓa ba ne matsalar, naushi in ya sauka a gefen muƙamuƙi kai ne yake juyawa da ƙarfi, ƙwaƙwalwa ta girgiza cikin ƙoƙon kai, wuta ta ɗauke. In ba ta gama warkewa ba aka sake taɓa ta, dukan da a da za ka shanye shi ne zai zubar da kai, kuma wani lokacin ba faɗuwa kaɗai ba ce, ana rasa rai. Babu wani atisaye ko laya ko jiƙo da ke ƙara wa ƙwaƙwalwa tauri. Wuya dai ana iya ƙarfafa shi, ido kuma a koya mishi ganin naushi tun kafin ya iso, don wanda ba ka gani ba shi ke kisa. Ya kawo misalin ɗan damben Amurka Roy Jones, mutumin da shekara da shekaru ko taɓa shi ba a iya yi, Antonio Tarver ya sumar da shi a turmi na 2 a watan Mayun 2004, ya dawo a Satumbar shekarar Glen Johnson ya sake shimfiɗe shi.

Ɓangaren zuciya kuwa ni da kaina na gani a Anthony Joshua, duk da na san 'yan gidan kallo za su taso min. Tun da Andy Ruiz ya kai shi ƙasa sau 4 a Amurka a Yunin 2019, ya dai karɓo kambunshi a Saudiyya a Disamba amma daga nesa yake ta tsikara yana zagaye, wannan kutsawar ta da ta ragu sosai, ga shi Daniel Dubois ya gama da shi a turmi na 5 a Landan a 2024. Kocin bai yarda wai shi ke nan an gama ba. Nashi gwanin Wladimir Klitschko ne, an buge shi a 2003 da 2004 har ana ba shi shawarar ya ajiye safar, kocinshi Emanuel Steward ya sauya mishi salo gaba ɗaya, a 2005 namu ɗan Najeriya Samuel Peter ya kai shi ƙasa sau 3 amma ya tashi ya ci da maki, daga 2006 kuma ya riƙe kambu har 2015.

Haka ya bi da yaron a hankali. Bayan hutu aka fara da gudu da tsallen igiya da motsa wuya. Sai wani abu da ya ba ni dariya da farko, ya tsayar da shi jikin bango yana ɗan taɓa mishi goshi da safar hannu a hankali, in ya ƙifta ido a sake daga farko, har hawaye na zuba. Daga nan damben gwaji na jiki kawai ban da kai, sannan da ƙaramin yaro mara nauyi, yana tsaye a kansu yana cewa "sauke haɓa, kalli ƙirjinshi." Yanzu ba ya runtse ido, amma in an matsa mishi a lungu har yanzu yakan ƙanƙame mutum, kuma kocin ya faɗa min ƙiri-ƙiri "Malam, wannan sauran sai a fage za mu sani."

Sai abin da bai min ba. Buhun duka biyu ne kacal, ɗaya ma an naɗe shi da salatef yashi na zuba. Safar hannun haya wari kamar me, hular kariya ta saki, kuma na ga yara biyu suna musayar robar haƙori, wannan kam ƙazanta ce na kuma faɗa musu. Rufin kwano ne ba fanka, da la'asar a watan Afrilu sai ka ji kamar gidan burodi. Akwatin magani babu komai ciki sai auduga da man zafi, a wajen da ake dukan kai. In koci ya yi tafiya kuma manyan yaran ne ke riƙe waje, su kuwa ba ruwansu, haɗa sabon shiga suke da tsohon hannu don a yi dariya.

Kuɗin wata ba yawa, mai ƙaramin ƙarfi zai iya. Ku je da safe bayan asuba lokacin da shi kocin ke nan da kanshi, ku sayi robar haƙorinku da bandejin hannu tun daga gida, in kuma an taɓa sumar da yaronku ku riƙo takardar asibiti don ba zai saurare ku ba sai da ita.