Na'urar Sikanin ta Hannu Domin Duba Huhu: Wacce Ya Kamata Ƙaramin Asibiti Ya Saya a Legas?

Abokan aiki daga Agege da Idi-Araba sukan tambaye ni wace na'urar sikanin za su saya domin ɗakin gaggawa, musamman saboda mara lafiyan da aka shigo da shi cikin dare yana haki, babu wuta, kuma wurin ɗaukar hoton ƙirji ya rufe. Tun da likitan Faransa Daniel Lichtenstein ya wallafa tsarin BLUE, wato hanyar duba huhun mai haki da sikanin, a 2008, aka gane cewa cikin 'yan mintoci sikanin na iya bambance ruwa a huhu da nimoniya da iskar da ta taru a bayan huhu. Likita yana duba ko tantanin huhu yana zamewa tare da numfashi, sannan ya ƙirga layukan B, wato fararen layuka a tsaye da ke saukowa daga tantanin a allo, waɗanda idan suka kai uku tsakanin haƙarƙari biyu suke nuna huhun ya jiƙe.

Ni dai zaɓina shi ne Vscan Air na kamfanin GE, wanda ya fito a 2021, kuma ba na ɓoye hakan. Baki biyu gare shi a jiki ɗaya, wato wurin da ake ɗorawa a jikin mara lafiya: lanƙwasasshe mai kaiwa zurfi, wanda da shi ake ganin ruwan da ya kwanta a gindin huhu, da kuma miƙaƙƙe mai fito da tantanin huhu ƙarara idan ana zargin iska ta taru bayan haɗarin babur. Juya shi kawai za ka yi, ba sai ka cire wani ka maƙala wani ba yayin da 'yan'uwan mara lafiya suka zuba maka ido. Ba shi da igiya, don haka goge shi yana da sauƙi bayan an duba mai tarin fuka, abin da bai kamata a raina ba a cunkoso irin na Legas. Aibinsa shi ne batirin ba ya kai awa guda ana aiki ba tsayawa, saboda haka dole a riƙa ajiye shi a caji.

Butterfly iQ ya fi sauƙin kuɗi a ranar saye, amma akwai kuɗin rajista na shekara-shekara da dala. Philips Lumify hotonsa kyakkyawa ne, sai dai kowane baki daban ake sayensa. Babbar na'ura mai keke kuwa ta ɗakin awon ciki ce.

Inda nake so a yi hattara sosai shi ne gwanjo, wanda a nan ake kira tokumbo. Na taɓa sayen wata na'ura a hannun wani dillali da ya rantse mini cewa daga asibitin Turai ta fito, ashe wasu ƙwayoyin bakinta masu aika sauti sun mutu, suna jefa baƙar inuwa a tsaye wadda na yi ta ɗauka inuwar haƙarƙari ce. Da na koma shagon, sai aka ce ba a san shi ba. Saboda haka, kafin ka ba da ko kwabo, ka shafa wa bakin man sikanin kaɗan, ka riƙe shi a iska, ka duba ko hasken saman allo ya daidaita daga gefe zuwa gefe. Duk inda ka ga baƙin zane a tsaye, ka ajiye ta. Ka tabbata ba a ɗaure take da asusun mai ita na farko ba, ka kuma gwada lambar da ke jikinta da wadda manhajarta ta waya ta nuna, domin akwai masu liƙa tambarin babban kamfani a kan na'urar da ba ta da asali. Idan aka ce manhajar sai dai a turo maka ta WhatsApp, wannan kaɗai ya isa dalilin fasawa.

Wata matsalar masu arha ita ce suna gyara hoto ya yi sumul, kuma babu maɓallin kashe wannan gyara, alhali layukan B amsa-amon sauti ne da irin wannan gyaran yake iya dusashewa. Ka nemi a nuna maka saitin huhu, ka gwada a ƙirjinka a gaban mai sayarwa, sannan ka karɓi rasit da takardar garanti mai ɗauke da adireshin inda za a gyara ta a cikin Legas.