Na tuƙa Beetle, Fijo 504 da Marsandi 230E, ga wadda ta zauna min

Fijo 504 ɗin da marigayi mahaifinmu ya bar mana ita nake hawa shekara shida ke nan. Bana wani aminina mai tara tsofaffin motoci ya ba ni aron biyu daga cikin nasa, Volkswagen Beetle 1200 da Marsandi 230E, ya ce in ɗana in daina cika masa baki da Fijo.

Beetle ba ta ɗauke ni lokaci ba. Zubinta na tun 1938 ne, inji a baya, iska ke sanyaya shi, don haka babu lagireto balle a yi ta zuba ruwa. Ƙarfinta doki 34 ne kacal, in ka kai kilomita 110 a awa sai ka ji kamar ana sussuka a bayan kunnenka. Yara kuwa har bin ta suke yi suna tafi.

Marsandin, wadda aka fara fitarwa a 1980, ita ce sarauniya a takarda: silinda huɗu, lita 2.3, doki 136, kuma ba kafireta gare ta ba, fesa mai take yi. Daga Kaduna zuwa Zariya kan kwalta ba ta da ta biyu. Rufe ƙofarta kaɗai ya isa ka san an kashe ƙarfe. Amma da ta fara shaƙewa saboda tsufa, bakanikenmu ya leƙa inji ya ce, "Alhaji, wannan sai dai a kira na gaba da ni."

To, Fijo fa? Injinta lita 2 ne, doki casa'in da 'yan kai, giya huɗu. A tsere Marsandi za ta bar ta da ƙura, ban musa ba. Sai dai ranar da muka sauka daga titi muka nufi ƙauyenmu da damina, a nan aka rabe. Ƙafafun Fijo na da dogon lilo, tana haɗiye gargada kamar raƙumi, kujerunta kuma laushi ne da su har inna ta yi barci a baya. Ba banza aka zaɓe ta motar shekara ta Turai a 1969 ba, ta kuma lashe tseren Safari na Kenya a 1975, shekarar da aka fara haɗa Fijo a Kaduna. Shi ya sa har yau duk garejin da ka tsaya, akwai wanda ya san cikinta kamar yunwar cikinsa, kayan gyara kuma ba sai an yi oda ba.

Tana shan mai, gaskiya, kuma tawa tsatsa ta fara cin ƙasan ƙofofinta. Na mayar wa aminina makullansa biyu ranar Juma'a, Asabar na kai Fijo wurin mai walda.