Hayar tanti a Tarkwa Bay da yarinya 'yar shekara biyu

Masu ba da hayar tanti a Tarkwa Bay, wani bakin teku a Legas, sun iya aikinsu, sai dai da samari da 'yan mata suka saba, ba da mai goyo ba. Mun kwana a wurin ɗaya daga cikinsu a watan Disamba, ni da maigida da 'yarmu.

Ba a zuwa wurin da mota. Jirgin ruwa ake hawa daga mahayar jirgi ta CMS ko ta Falomo a cikin Legas, tafiyar ba ta kai rabin awa ba. Abin da ya sa na yarda na kai yarinya shi ne duwatsun da aka jibge tun zamanin Turawa domin kare mashigar tashar jiragen ruwa ta Legas. Su ke karya ƙarfin igiyar ruwa, shi ya sa gaɓar nan ta fi sauran lafawa. Ɓangaren Lighthouse kuwa, wato gaɓar da ke bayan duwatsun, teku ne tsagwaronsa, kada ki kai yaro can.

Tun a jirgi za ki gane ba a yi tanadin ƙananan yara ba. Rigar ruwan da suka miƙo mana ta manya ce, da na sa mata sai ta nutse a ciki har kunne. Ki sayi ta yara ki tafi da ita, kada ki dogara da tasu.

Tantin kansa na yaba masa. Mun tarar an riga an kafa shi, da katifa da zanin gado wankakke, ga raga a tagogi mai hana sauro shiga. Zif ɗin ma lafiyarsa ƙalau, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin yarinyar ta gano yadda ake zuge shi kafin magariba. Dole na ɗaure kan zif ɗin biyu da igiyar takalmi daga ciki, na kwanta a bakin ƙofa. Yaro mai tafiya da teku a gabansa, ai barcin uwa rabi ne. Yashi kam sai haƙuri, ya shiga katifa, ya shiga kitso, ya shiga famfas. Ɗan yaron da ke kula da mu ya kawo tsintsiya da bokitin ruwa ba tare da mun tambaya ba, Allah ya yi masa albarka.

Inda suka ɓata mini rai shi ne wurin da suka kafa mana tantin, dab da masu kiɗa da janareta. Har tsakar dare ana cashewa, yarinya ta farka tana kuka, na goya ta ina zagaye a yashi. Maigida ya je ya same su ya ce, "Don Allah a taimaka, akwai ƙaramar yarinya." Suka ba shi haƙuri suka ɗan rage, can kuma aka sake ƙurewa. Da safe ne mai wurin ya ce da mun faɗa tun a waya da ya kai mu can gefe. To, shi da ya ji an ce mutum uku har da yarinya, ba sai ya tambaya ba?

Ruwan daɗi ma sai da lissafi. Na gishiri ba ya wanke yaro, ƙaiƙayi yake sa shi, don haka ledar fiyawata muka riƙa saye muna ɗauraye ta, mu yi alwala da sauran. Abinci akwai gasasshen kifi, amma yajinsa ya fi ƙarfin bakin yaro. Kunun gyaɗar da na zuba a filas ne ya cece mu.

Ita dai yarinyar ba ruwanta da duk wannan. Manyan jiragen dakon kaya masu shiga tashar Apapa suna wucewa kusa sosai, duk wanda ya gifta sai ta yi ihu ta ɗaga masa hannu.

Hantsi na yi tantin ke zama kamar tanderu, sai a koma ƙarƙashin rumfa, wadda kuɗinta daban ne. Ki yi cinikin tanti da rumfa tare tun daga gida, ki ce a kafa miki nesa da lasifika, kuma in da hali ki zaɓi tsakiyar mako maimakon daren Asabar.