EBPlate: manhajar kyauta ta lissafin lanƙwashewar farantin ƙarfe, ga yadda na same ta

Masu zanen gadar ƙarfe da manyan bim (dogayen ƙarafan da ke ɗaukar nauyin gini) na walda, in ba ku taɓa gwada EBPlate ba to ku neme ta. Cibiyar CTICM ta Faransa ce ta yi ta, kyauta ce ba ko sisi, kuma aikinta guda ɗaya tak: ka ba ta tsawo da faɗi da kaurin faranti, ka jera mata haƙarƙarin (guntayen ƙarfen da ke ƙarfafa shi) da za a yi wa walda a jikinsa, na tsaye da na kwance, ka faɗa mata irin matsin da ke kansa, ita kuma ta ce maka sau nawa za a ninka wannan lodin kafin farantin ya lotsa ya fita daga layi.

Kafin in yarda da ita sai da na ɗana mata abin da na san amsarsa. Faranti mai faɗin milimita 1000, kauri 10, gefuna huɗu a zaune kawai ba a ɗaure ba. A hannu dai 190000 sau (t/b)², wato kauri bisa faɗi a ninka da kansa, ya ba ka 19 MPa (ma'aunin matsi), ka ninka da k, lambar da ta dogara da yadda gefunan suke zaune, a nan 4, ya zama 76. Abin da ta kawo kenan kusan daidai. Sai na sa haƙarƙari ɗaya mai ƙarfi a tsakiya, faɗin kowane ɓangare ya koma 500, lamba ta haura wajen 300, ninki huɗu kenan da ɗan guntun ƙarfe ɗaya, wallahi duk wanda ke gardamar cewa ƙara kauri ne kawai mafita ya zo ya kalli hoton nan na 3D da take zanawa, ka ga farantin ya kumbura gida-gida tsakanin haƙarƙarin.

Inda ta fi burge ni shi ne wurin da lissafin hannu ke gajiya. Annex A na EN 1993-1-5, wato kod ɗin Turai na zanen farantin ƙarfe, yana da dabarunsa, amma da zarar tazarar haƙarƙarin ta zama ba ɗaya ba, ko matsi ya haɗu da lanƙwasa da shiya (shear, ƙarfin da ke neman yanke ƙarfen) a lokaci guda, sai ka ga kana ta kame-kame. Ita ko a jikinta, daƙiƙa kaɗan ta gama.

To amma fa akwai tarko, kuma yara sabbin fitowa daga jami'a ne suka fi faɗawa. Siffar lotsawa ta farko da take nunawa sau da yawa ta ƙaramin ɓangare ce tsakanin haƙarƙari biyu, ba ta dukkan farantin ba, dole ka sa ta fito da sauran siffofin ka bi su ɗaya-ɗaya da ido har ka ga wadda haƙarƙarin kansa ya motsa. Sannan lambar da take bayarwa ta faranti ce miƙaƙƙe sumul wanda babu shi a duniya. Wanda mai walda ya gasa ya riga ya ɗan karkace tun a wakshop, ga ragowar matsin da zafin waldar ya bari a ciki, ita ba ta san da wannan ba. Sai ka ɗauki lambarta ka koma kod ka rage. In ka miƙa wa oga ita kai tsaye a matsayin abin da ƙarfen zai ɗauka, kai ka jiyo.

Fuskarta kam ta tsufa, kamar ta zamanin Windows XP, kuma faranti mai kusurwa huɗu miƙaƙƙe kawai ta sani, mai lanƙwasa irin jikin tanki ba nata ba ne. Ginshiƙi ko tokare ma ba ta taɓawa, wannan sai ka koma dabarar Euler ta lissafin lanƙwashewar ginshiƙi ko ka ɗauko manhajar LTBeamN, ita ma ta CTICM ɗin ce. Ni dai don duba farantin tsakiyar babban bim na fi son buɗe ta da in zauna ina yanka mesh, wato rarraba zanen ƙanana-ƙanana, a manhajar ANSYS rabin yini.